Gyambon Ƙafa da Rayuwar Mai Ciwon Sukari a Birnin Kudu da Gwaram

Gyambon ƙafa na mai ciwon sukari rauni ne da ke buɗewa daga idon sawu zuwa ƙasa, galibi a tafin ƙafa ko kan yatsu ko dunduniya, ya yi makonni ko watanni bai rufe ba. Asalinsa yana cikin jini. Idan sukari ya daɗe yana hauhawa, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Da fari tafin ƙafa yakan riƙa raɗaɗi da dare kamar an shafa barkono, daga baya sai ƙafar ta daina ji gaba ɗaya. Sukarin yana kuma ƙuntata hanyoyin jinin da ke gangarawa ƙafa, ya rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ƙafar da ba ta jin zafi ba ta sanar da mai ita cewa ta ji rauni, wadda jini bai ishe ta ba kuwa ba ta iya gyara raunin.

A Birnin Kudu da Gwaram na jihar Jigawa, inda noma da kiwo da cin kasuwa ne sana'ar akasarin jama'a, abubuwan da ke buɗe wannan rauni suna bin yanayin shekara. Da damina ƙaya ce, ko kaifin fartanya, ko ƙafa ta wuni cikin danshin takalmin roba. Da kaka kututturen kara ne da ke tsaye a gona bayan an yanke dawa. Da hunturu faso ne ke tsaga dunduniya, sai kuma kaskon wuta: dattijo ya miƙa ƙafa yana jin ɗumi, barci ya ɗauke shi, ya farka da bororo a yatsu bai san lokacin da ya ƙone ba. Da bazara daɓen siminti da rana ta gasa ya isa ya ƙona tafin wanda ya tuɓe takalmi. Ga kuma rezar mai yankan farce, da sabon takalmi mai matsi na ranar sallah. Likitoci a Dar es Salaam ta ƙasar Tanzaniya har sun ba da rahoton masu ciwon sukarin da ɓera ya gaigaye musu yatsu suna barci.

Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, ya nuna cewa kimanin kashi 5.8 cikin 100 na mutanen ƙasar suna da ciwon sukari, arewa maso yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 3 cikin 100. Ƙarancin bai kamata ya kwantar da hankali ba, domin fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba, kuma akwai waɗanda gyambon ne ke fara kai su asibiti a gano sukarin. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon sukari za su yi gyambon ƙafa kafin ƙarshen rayuwarsu.

Yadda ake auna ingancin rayuwa

Likita yana auna gyambo da tsawo da faɗi da zurfi. Ma'aunin Wagner, wanda asibitocin Nijeriya suka fi amfani da shi, ya kasa shi daga mataki na 0, inda fata ba ta fashe ba tukuna, zuwa mataki na 5, inda ƙafar duka ta ruɓe. Wannan awo yana faɗin halin da naman ƙafa ke ciki. Ba ya faɗin ko mai ƙafar ya yi barci jiya, ko ya je masallaci, ko an ɗora tukunya a gidansa. Abin da ake kira ingancin rayuwa shi ne wannan ɓangaren da ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi da cewa yadda mutum da kansa yake ganin halin da yake ciki ne, gwargwadon al'adar inda yake zaune da abin da yake buri. Saboda haka majinyacin ake tambaya, ba a karanta shi a jikin bandeji.

An tsara takardun tambayoyi domin wannan aiki. Mai suna EQ-5D tana tambayar abu biyar: tafiya, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, ayyukan yau da kullum, zafin ciwo, da damuwa. SF-36 ta fi ta tsawo, kuma da yake a Amurka aka tsara ta, cikin misalanta akwai tura injin share ɗaki da wasan golf da hawa matakalar bene. An fassara taƙaitacciyarta, SF-12, zuwa Hausa, aka gwada ta a kan masu ciwon baya, aka wallafa sakamakon a 2020. Fassara ci gaba ce, amma mai son sanin halin manomin Fagam ko Basirka a Gwaram sai ya ƙara nasa tambayoyin: yana iya tsuguno a masai? Yana iya zaman tahiya? Zai iya hawa bayan ɗan acaɓa ba tare da an ɗaga shi ba? Bana ya shuka gonarsa ko aro ya bayar?

Tsayuwa da tafiya

Babban binciken da aka yi kan wannan batu shi ne Eurodiale, wanda ya bi majinyata fiye da dubu ɗaya a cibiyoyi 14 na ƙasashen Turai 10, waɗanda aka ɗauka a 2003 da 2004. Da aka tace abubuwan da ke dagula musu rayuwa, wanda ya fi kowanne nauyi shi ne kasa tsayuwa ko tafiya sai da taimakon wani. Ya rinjayi girman gyambon kansa. Mutanen da aka yi wannan bincike a kansu suna da famfo a cikin gida da motar haya a bakin titi, da yawansu kuma fansho suke ci. Idan rashin tafiya ya yi musu haka, to a ƙauyen da ake zuwa rijiya da gona da kasuwa da ƙafa abin ya ninka.

Nan ne maganin kansa yake karo da rayuwa. Gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa muddin ana taka shi. Duk taku ɗaya yana murƙushe sabon naman da ya fara tofowa, kuma da yake babu zafi, majinyacin bai ga dalilin zama ba. Hanyar da masana suka fi amincewa da ita ita ce a sa wa ƙafar simintin asibiti irin na mai karaya, ko takalmi na musamman mai kaiwa gwiwa, domin a ɗauke wa wurin nauyi. Inda babu waɗannan sai sandunan dogarawa da kwanciya. Ko an yi komai daidai, ana maganar kimanin wata uku ne kafin gyambo mara rikici ya rufe. Wata uku kuwa kusan shi ne tsawon aikin damina. Ma'aikacin jinya zai ce, "Baba, don Allah ka daina taka ƙafar nan." Amsar da aka saba ji ita ce, "To ɗana, in na zauna wa zai yi mini noman?" Dukansu biyu suna da gaskiya. Mai 'ya'ya manya ko mai halin ɗaukar 'yan ƙwadago yana iya zama. Wanda ba shi da su zai ɗaure ƙafar da tsumma ya zura a leda ya koma gona, ya dawo asibiti da kaka gyambon ya kai ƙashi.

Ba manomi kaɗai ba ne. Mai kai kaya kasuwar Sara ta Gwaram, da mahauci, da ɗan acaɓa mai taka giya da birki, da makiyayin da ke bin shanu, da malamin makaranta mai tsayuwa gaban allo, kowannensu da ƙafarsa yake cin abinci. Mace kuma aikinta na cikin gida ba shi da hutu: surfe da daka a tsaye, girki a tsugune gaban murhu, inda garwashi kan faɗo a ƙafar da ba ta ji. Idan ta kwanta, sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko fura ta tsaya, kuma da ita take sayen maganin.

Wari, alwala da zaman mutane

Abin da majinyata suka fi jin nauyin faɗa shi ne wari. Gyambon da ƙwayoyin cuta suka shiga yana tsattsafo da ruwa da mugunya, ya jiƙa bandeji, ƙudaje su bi. Mai shi ne ke fara tsarguwa tun kafin kowa ya yi magana. Sai ya koma sahun baya a masallaci, daga nan ya koma sallah a gida. Ya daina zaman majalisa da yamma, ya daina sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwa, ɗaurin aure da suna da jana'iza ya riƙa aikawa da wakili. A garin da ake sanin mutum da zuwansa sabgar mutane, wannan janyewa rashi ce babba, ko da ba wanda ya kore shi. Tsakanin miji da mata ma yakan shiga, a raba shimfiɗa ba tare da an furta dalili ba.

Alwala tana buƙatar bayani na musamman, domin mai sallah yana wanke ƙafa sau da yawa a rana. Ga mai sukarin da ƙafarsa ba ta fashe ba, wannan dama ce ta duba ƙafa sau biyar a yini, in dai zai tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, saboda danshin da ke maƙalewa a wurin yana jiƙa fata har ta tsage. Da hunturu kuma ruwan ɗumi sai an gwada shi da gwiwar hannu ko wani ya taɓa, kada a gwada da ƙafa. Ga mai gyambo kuwa, zuba ruwan buta a kan ciwon ko jiƙa bandejin yana mayar da hannun agogo baya. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan wannan yanki ya riga ya warware matsalar: an yarda a yi shafa a kan abin da aka ɗaure rauni da shi, an yarda da taimama idan ruwa zai cutar, an yarda a yi sallah a zaune, kuma an yi rangwame kan abin da ke fitowa daga ƙurji da kansa. Duk da haka akwai dattawan da zuciyarsu ba ta natsuwa sai sun kwance bandejin sun wanke. Irin waɗannan jin hukuncin daga bakin limamin unguwa ya fi yi musu tasiri a kan jin sa daga likita, kuma asibitin da ya san haka zai nemi limamin.

Kuɗi da masu jinya

Wankin gyambo aiki ne na kullum ko na bayan kwana biyu. Ana kwance tsohon bandeji, wanda sau da yawa ya manne sai an jiƙa shi da ruwan gishiri na asibiti, a wanke ciwon, a kankare mataccen nama da kantar da ta kewaye bakinsa har sai jan nama ya bayyana, a share, a rufe da sabon bandeji. Kowane zuwa yana cin safar hannu da auduga da bandeji da kuɗin mota. A kan wannan ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga allurar insulin da galibi ake komawa kanta idan gyambo ya yi tsanani, ga tsinken gwajin sukari, ga hoton ƙashi. Insulin ba ya son zafi. Gidan da babu firji akan sa kwalbar a leda a ajiye a gindin randa. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, kuɗin magani da na mota duka sun yi tashin gwauron zabi.

Birnin Kudu tana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda ke karɓar majinyata daga kudancin Jigawa da maƙwabtan garuruwa na Bauchi da Kano. A Dutse akwai asibitin Rasheed Shekoni, a Kano kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, inda ake yin ƙafar roba. Jihar Jigawa tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, JICHMA, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Amma manomi da ɗan kasuwar ƙauye har yanzu galibi daga aljihu suke biya. Tsarin da abin ke bi sananne ne: a fara da kuɗin hannu, a sayar da akuya, a taɓa hatsin rumbu, a sayar da saniya, a ƙarshe a jinginar da gona. Wanda ya fito daga ƙauyukan Gwaram na kan iyakar Bauchi ba zai iya zuwa wanki kullum ba, sai dai ya kwanta a asibiti ko ya tare gidan ɗan'uwa a gari.

Kwanciya kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Dole wani ya zauna da shi, ya sayo magani, ya kawo abinci, ya kai shi bayan gida. Yawanci mata ce ko 'ya, wani lokaci yarinyar da aka cire daga makaranta zangon karatu guda. Takardun awon ingancin rayuwa majinyaci kaɗai suke tambaya, alhali nauyin ya rabu a kan gida duka.

Damuwa da jinkiri

Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2007, ya gano cewa kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi gyambon ƙafa karo na farko suna da ciwon damuwa, kuma masu damuwar sun ninka sauran kusan sau uku wajen mutuwa cikin wata 18. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya yanke ƙauna ba ya kula da allura, ba ya kiyaye abinci, ba ya zuwa wanki. A ƙasar Hausa ba kasafai magidanci zai ce yana cikin damuwa ba. Zai ce ba ya barci, ko abinci ba ya masa daɗi, ko ya yi shiru ya juya fuska bango. Mai tambaya sai ya iya sauraro.

Ciwon da ya fito babu zafi, ya ƙi jin magani, ya riƙa cin nama, yana saurin samun wata fassara. Wasu su ce daji ne, wasu su ce jifa ne ko an binne masa abu ya taka. Daga nan sai a fara zagaye: kemis, mai maganin gargajiya, garin sassaƙe da ake barbaɗawa, sakiya ko tsagar wanzami a ƙafar da ta kumbura. Ba wauta ce ke kai mutane can ba. Wanzami yana kusa, ya san gidan, yana karɓar abin da ya samu. Illar ita ce tsaga sabon rauni ce a ƙafar da ta kasa warkar da na farko, kuma kowane mako na zagayen yana ba ƙwayoyin cuta damar isa ƙashi.

Sakamakon wannan jinkiri ya fito fili a binciken MEDFUN, wanda aka gudanar daga Maris 2016 zuwa Afrilu 2017 a manyan asibitoci shida na Nijeriya, ciki har da na koyarwa na Kano da na Zariya. Cikin majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa, kusan kashi 80 cikin 100 sun zo ne ciwon ya riga ya kai mataki na 3 ko fiye. Sama da kashi 70 ba a taɓa koya musu kula da ƙafa ba. An yanke wa kashi 35 wani sashe na ƙafa, kashi 20 suka rasu a asibiti, kimanin kashi 10 kuma suka sallami kansu ba da yardar likita ba. A Eurodiale, bayan shekara guda, kashi 77 sun warke, kashi 5 ne aka yanke wa ƙafa sama da idon sawu, kashi 6 suka rasu. Kwatancin ba daidai-wa-daida ba ne, tunda na Nijeriya duk waɗanda aka kwantar ne, amma tazarar tana nuna bambanci tsakanin zuwa da wuri da zuwa a makare.

Tsoron yanka yana cikin abin da ke hana zuwa. An san wane ya tafi asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya, sai a ɗauka asibitin ne ke yankewa, a manta cewa ya yi wata biyu a gida kafin ya tafi. Idan likita ya kawo maganar, amsar da yawa ita ce, "Gara in mutu da ƙafata." Ya kamata a rarrabe wa iyali yanka iri biyu. Cire yatsa ko gaban ƙafa yana barin mutum da dunduniyar da zai taka, kuma bayanan Eurodiale sun nuna waɗanda aka yi wa irin wannan ƙaramin yanka rayuwarsu ba ta fi ta waɗanda aka yi ta wanke wa gyambo muni ba. Wari yakan tafi, zazzaɓi ya sauka, mutum ya koma cikin jama'a. Yanka a ƙwauri ko cinya wani abu ne dabam: sai an nemi ƙafar roba, a koyi tafiya da ita, a riƙa komawa gyara, nauyi ya koma kan ɗaya ƙafar wadda ita ma sukari ya taɓa, kuma fiye da rabin waɗanda aka yi wa ba sa kai shekara biyar. Sau da yawa ƙin yarda a cire yatsa a wannan wata shi ne ke jawo yanke ƙwauri a wata mai zuwa.

Bayan gyambo ya rufe

Rufewar gyambo tana ɗaga ingancin rayuwa sosai, amma jijiyoyin da suka mutu ba sa dawowa. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka warke gyambon yana dawo musu cikin shekara ɗaya, kusan kashi 60 cikin shekara uku. Don haka kulawar ba ta ƙarewa ranar da aka cire bandeji na ƙarshe.

Abin da ake buƙata a wannan mataki ba shi da tsada. Shirin Step by Step, wanda aka fara a Tanzaniya da Indiya a farkon shekarun 2000, ya ginu ne a kan horar da likita da ma'aikacin jinya tare, su koyi duba ƙafa da kankare kanta da koyar da majinyaci, kuma an samu raguwar yanke ƙafa a cibiyoyin da suka bi shi. Kayan gwajin wani ɗan siririn zaren roba ne da ake dannawa a tafin ƙafa da nauyin giram 10. Wanda bai ji shi ba ƙafarsa tana cikin haɗari. Ƙaramin asibitin mazaɓa zai iya yin wannan. A gida kuma sai duba tafin ƙafa kullum da madubi, ko a sa ɗa ko jika ya duba idan ido ya raunana. Zazzage takalmi da laluba cikinsa da hannu kafin a sa. Shafa mai a dunduniya ban da tsakanin yatsu. Barin tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida. Da sauya silifas mai igiya tsakanin yatsu da takalmi mai faɗin baki da taushin ciki, wanda baduku zai iya ɗinkawa idan an nuna masa inda tabon yake.

Ƙungiyar masana ta duniya kan ƙafar mai ciwon sukari, IWGDF, wadda ke fitar da ƙa'idoji tun 1999, ta tsara yawan zuwa duba ƙafa gwargwadon haɗari. Mai sukarin da ƙafarsa ke ji kuma jini ke gudana, sau ɗaya a shekara ya wadatar. Wanda jin ƙafarsa ya tafi, duk wata shida zuwa shekara. Wanda ya taɓa yin gyambo ko aka taɓa yanke masa wani sashe, ana so a ga ƙafarsa duk bayan wata ɗaya zuwa uku, ko da babu abin da yake damunsa.